Guguwar dusar ƙanƙara: Yadda ake hasashenta, da yadda take dagula wa 'yan ƙwallo lissafi

Da ƙarfe 11 na daren Litinin, 26 ga Janairun 2015, hukumomi suka tsayar da jiragen ƙasa na ƙarƙashin ƙasa a birnin Niyok na Amurka. Tun da aka buɗe layin a 1904, dusar ƙanƙara ba ta taɓa sa an rufe shi ba sai a wannan daren. An hana motoci hawa titi in ban da na jami'an tsaro da na agaji, an ba makarantu hutu, an soke tashin dubban jiragen sama. Magajin garin na lokacin, Bill de Blasio, ya gargaɗi jama'a cewa abin da ke tafe yana iya zama mafi girma da birnin ya taɓa gani, domin ana maganar dusar da tsayinta zai kai santimita 60 zuwa 90. Mutane suka yi dafifi a kantuna suna sayen burodi da madara da ruwan sha.

Da gari ya waye, abin da aka auna a dandalin Central Park da ke tsakiyar birnin bai wuce santimita 25 ba. Jama'a suka fito suna ba'a, wasu na zagi. Wani babban jami'in hukumar hasashen yanayi ta Amurka, Gary Szatkowski, har sai da ya hau Twitter ya nemi afuwar mutane. Amma fa guguwar ta zo. Ta ɗan karkata gabas ne da kusan kilomita 100, ta je ta sauke kayanta a kan wasu. Gabashin tsibirin Long Island, wanda ke manne da Niyok ɗin, ya samu fiye da santimita 60. Birnin Boston ya samu 62, garin Worcester kuma 88.

Mai karatu a Nima ko Aboabo ko Tamale yana iya cewa, to ni ina ruwana da dusar ƙanƙara, alhali sanyin da na sani bai wuce na hunturu mai fasa leɓe ba? Amsar tana cikin wayarka. Da wuya ka samu zango a ƙasar nan da ba shi da ɗa ko 'ya a unguwar Bronx ta Niyok, ko a Ohayo, ko Toronto ta Kanada. Da yawansu tuƙin tasi suke yi, ko tsaron kanti, ko kula da tsofaffi a gidaje, irin aikin da in ba ka fita ba babu kuɗin ranar. In aka ce a zauna a gida, an taɓa aljihunsu, an kuma taɓa abin da suke aikowa. In kuma suka raina gargaɗin suka fita, rai ne a kan layi. Ga kuma masu zuwa gidan kallon ƙwallo, waɗanda kan ji an ce an ɗage wasa saboda yanayi ba su san wa ya yanke hukuncin ba, ko kan wace hujja.

Daga ina irin wannan guguwa take tasowa?

A gabar tekun gabashin Amurka abubuwa biyu ne ke karo da juna a lokacin sanyi. Akwai iska mai tsananin sanyi da ke gangarowa daga Kanada, akwai kuma wani kogi na ruwan ɗumi a cikin tekun Atilantika da ke tasowa daga wajen mashigin Meziko yana bin gabar zuwa arewa. Iskar da ke kan ruwan ɗumin nan ɗauke take da danshi. Inda ta haɗu da mai sanyin, sai mai ɗumin ta hau sama, nauyin iska a wurin ya ragu, guguwa ta fara juyawa. Saboda yadda take juyawa, iskar da mutanen gabar ke ji tana kaɗowa ne daga arewa maso gabas, shi ya sa ma Amurkawa suka raɗa wa guguwar suna da wannan kusurwa.

Wani lokaci guguwar kan yi ƙarfi cikin gaggawa. Idan nauyin iska a tsakiyarta ya faɗi da miliba 24 cikin awa 24, masana kan kira ta bam, kalmar da 'yan jarida ke so ƙwarai. Kuma ba kowace zubar dusa ce ake ɗauka babbar guguwa ba. A ƙa'idar hukumar hasashen yanayi ta Amurka, sai iska ta kai gudun kilomita 56 a awa, dusar da take kwasa ta hana mutum hangen abin da ya wuce mita 400, kuma abin ya ɗauki awa uku ko fiye. Ka ga ke nan iskar ce babbar matsalar. Wanda ya taɓa shiga hazo mai kauri a arewa, har ya kasa ganin motar gabansa, ya ɗan san ɗanɗanon abin, sai dai nasu yana zuwa da sanyin da ke iya kashe mutum cikin 'yan awoyi.

A watan Maris na 1888 irin wannan guguwa ta afka wa Niyok da kewaye ba tare da wani gargaɗi na kirki ba. Fiye da mutum 400 suka mutu, kusan rabinsu a cikin birnin. Wannan bala'in yana cikin abin da ya sa birnin ya maida wayoyinsa ƙarƙashin ƙasa, ya kuma ƙara wa masu kiran a gina layin dogo na ƙarƙashin ƙasa ƙarfi.

Yaya ake sanin tana tafe?

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Aikin mai hasashe ke nan: ya auna Laraba da kyau, ya yi lissafin Juma'a. Sau biyu a kowace rana, a lokaci guda, ɗaruruwan tashoshi a faɗin duniya suna sakin balan-balan ɗauke da 'yar na'ura mai auna zafi da danshi da nauyin iska tun daga ƙasa har can sama. Jiragen sama na fasinja da jiragen ruwa suna aiko da nasu awon, taurarin ɗan'adam kuma su ne ke kawo kaso mafi tsoka. Duk wannan sai a zuba a manyan kwamfutoci, waɗanda ke rarraba sararin samaniya gida-gida kamar takardar lissafi, su yi ta lissafin yadda iskar kowane gida za ta motsa cikin 'yan mintoci, sannan 'yan mintocin gaba, har a kai kwanaki.

Tunanin ya girmi kwamfuta. Wani masani ɗan Nowe, Vilhelm Bjerknes, shi ya bayyana tun 1904 cewa yanayi lissafi ne da za a iya warwarewa. Wani Baturen Ingila, Lewis Fry Richardson, ya gwada yi da hannu, ya buga sakamakonsa a 1922, amsar ta fito ba daidai ba ko kusa. Sai a 1950 aka yi nasarar farko da kwamfutar ENIAC a Amurka. A yau manhajoji biyu ne suka fi suna: ta Amurka da ake kira GFS, wadda ake kunnawa sau huɗu a rana, da ta cibiyar ƙasashen Turai, ECMWF, wadda aka kafa a 1975 da mazauni a garin Reading na Ingila. Masana sun ƙiyasta cewa a kowace shekara goma ingancin hasashe na ƙaruwa da kusan kwana guda. Wato hasashen kwana biyar na yau ya kai ingancin na kwana huɗu na shekara goma da suka wuce.

To, in haka ne, me ya sa ake kuskure?

Dalili na farko wani malami ne a jami'ar MIT, Edward Lorenz, ya gano shi a 1961. Yana son maimaita wani lissafin yanayi a kwamfutarsa, sai ya rubuta 0.506 a madadin 0.506127, yana ganin ɗan guntun da ya yanke ba zai yi komai ba. Da lissafin ya yi nisa, sai ya ga yanayi daban gaba ɗaya. Darasin shi ne, ɗan kuskure ƙanƙani a awon yau yana girma kullum, har ya kai ga lalata hasashen mako biyu masu zuwa. Kuma ba mai iya auna kowane lungu na sararin sama.

Dabarar da aka fito da ita, wadda cibiyar Turai ta fara amfani da ita a 1992, ɗan ƙwallo zai fi kowa saurin gane ta. Ka ɗauka an ba ɗan wasa bugun tazara sau 51 daga wuri guda, kowane bugu ana ɗan gusa ƙwallon da faɗin yatsa. In 45 suka shiga raga, ka san bugun nan abin tsoro ne. In rabi suka shiga rabi suka yi waje, ba ka da ta cewa sai dai a jira. Haka ake kunna manhajar sau 51, kowane karo a ɗan canza awon farko, sannan a duba guda nawa suka kawo guguwa. Daga nan ake samun maganar kashi 30 ko kashi 70 cikin ɗari.

Dalili na biyu ya shafi ita kanta dusar. A bisa al'ada, ruwan da zai ba da santimita ɗaya in ya sauko a matsayin ruwan sama, kusan santimita goma yake bayarwa in ya sauko a matsayin dusa. Saboda haka kuskuren da ba wanda zai lura da shi a ruwan sama, a dusa sai ya ninka sau goma. Sannan bambancin digiri ɗaya ko biyu kusa da sifili a ma'aunin Salshiyos shi ke raba tsakanin dusa da ruwa da ƙanƙara mai santsi. Uwa uba, dusa mai yawa takan sauka ne a wani siririn zirin ƙasa, gefensa kuwa kamar an yanka da wuƙa. Garin da ke ciki ya nutse, maƙwabcinsa da ke nesa da kilomita 50 ya share ƙofar gida da tsintsiya.

Abin da ya faru a 2015 ke nan. Manhajar Turai ta nuna guguwar za ta bi kusa da gaba, ta sa Niyok cikin zirin. Ta Amurka, wadda aka sabunta makonni biyu kacal kafin nan, ta ce a'a, za ta fi karkata gabas. Masu hasashe suka fi gaskata ta Turai, kuma suna da hujja, domin ita ce ta riga kowa hango cewa guguwar Sandy za ta juyo ta afka wa gabar a 2012. A wannan karon ta Amurka ce ta fi kusa da gaskiya. Daga baya shugaban hukumar na lokacin, Louis Uccellini, ya amsa cewa ya kamata su riƙa bayyana wa jama'a yawan shakkar da ke cikin hasashe, maimakon a jefo musu lamba guda. Shekara ɗaya bayan haka, a Janairun 2016, wata guguwar ta zubar da santimita 70 a Central Park, mafi yawa tun da aka fara ajiye bayanai a wurin a 1869.

In dusa ta shiga fili

Masu shirya wasanni suna cikin waɗanda suka fi kowa zuba wa hasashe ido, domin tikiti an riga an sayar, gidajen talabijin sun biya kuɗi, ga dubban mutane da za su hau hanya.

Ranar 22 ga Maris 2013 Amurka ta karɓi baƙuncin Kosta Rika a wasan share fagen Kofin Duniya, a wani fili kusa da birnin Denba na jihar Kolorado. Dusa ta fara sauka tun kafin a take wasa, ta yi ta ƙaruwa har layukan fili suka ɓace, ma'aikata na bi da shebur suna tono su. Clint Dempsey ya ci ƙwallo a minti na 16. Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci alƙalin wasa ya ɗan tsayar da wasan, aka yi shawara, aka ci gaba, aka tashi 1-0. Kosta Rika ta kai ƙara FIFA, aka yi watsi da ƙarar. Da Amurka ta je gidansu a watan Satumba, suka rama da ci 3-1, kuma a Birazil a 2014 su ne suka kai zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe. Shi kuwa Dempsey, mu 'yan Ghana ba sai an gabatar mana da shi ba. Shi ya ci mu a Jamus a 2006, ko da yake mun yi nasara 2-1, shi ne kuma ya zura mana ƙwallo cikin kusan daƙiƙa 30 a Natal a 2014, tun wasu ba su gama gyara zama a gidan kallo ba.

A Ingila har yau ana tuna sanyin 1963. An shirya buga zagaye na uku na Kofin FA ranar 5 ga Janairu, amma cikin wasanni 32 uku kacal aka iya bugawa a ranar. Ba a kammala zagayen ba sai 11 ga Maris, bayan kwana 66. An ɗage wasan ƙarshe zuwa 25 ga Mayu, inda Manchester United ta doke Leicester 3-1. Everton ce ta fara binne wayoyin ɗumama ƙasa a filinta na Goodison Park tun 1958, kuma a yau manyan filayen Firimiya duk suna da irin wannan tsari. Shi ya sa in ka ji an ɗage wasa saboda dusa a zamanin nan, sau da yawa filin lafiyarsa lau. Hanyoyin zuwa filin da matakalan da 'yan kallo za su taka ne abin tsoro.

Akwai kuma ƙwallon Amurkawa, mai kama da zari-ruga, wanda kakarsa ke ƙarewa a tsakiyar sanyi. A 2014 aka yi kasadar buga wasan ƙarshe, Super Bowl, a filin MetLife da ke Niyu Jasi, wanda ba shi da rufi. Makonni aka yi ana ce-ce-ku-ce kan hasashe, har an tanadi shirin sauya ranar in ta kama. Ranar 2 ga Fabrairu da aka take wasa ma'auni na nuna digiri 9, ba ɗigon dusa. Washegari da safe ta sauko, kusan santimita 20, baƙi da yawa suka maƙale a filayen jirgin sama. 'Yan awoyi ne suka raba masu shirya wasan da jin kunya a idon duniya.

Garin Bufalo nasa daban ne. Yana bakin tafkin Erie, kuma in iska mai sanyi ta ratsa kan ruwan tafkin kafin ya daskare, takan kwashi danshi ta juye shi a kan garin. A Nuwamban 2014 wasu unguwannin kudu da garin sun samu kusan mita biyu, aka kwashe wasan ƙungiyar Buffalo Bills aka kai birnin Ditroit. An sake yin haka a Nuwamban 2022. A Janairun 2024 kuma gwamnar jihar, Kathy Hochul, ta sanar da ɗage wasansu da Pittsburgh Steelers daga Lahadi zuwa Litinin tun kafin guguwar ta kai ƙarshen ƙarfinta, ƙungiyar kuma ta nemi magoya baya su zo da shebur su kwashe dusa a kan dala 20 a awa. Wasu sun yi gunaguni, amma mutanen garin ba su manta da Disamban 2022 ba, lokacin da guguwa ta kashe fiye da mutum 40 a yankin, wasu a cikin motocinsu, wasu a kan titi. An yi hasashen waccan tun kwanaki kafin ta zo. Muhawarar da ta biyo baya a kan lokacin da aka hana tuƙi ce, domin mutane da dama sun riga sun fita aiki.

Wanne ya fi: a rufe gari a banza, ko a bar shi a buɗe?

Nan ne nauyin yake kan shugabanni. In mai hasashe ya ce akwai kashi 40 cikin ɗari na babbar guguwa, gwamna ba zai iya rufe kashi 40 na titi ba. Ko dai ya rufe, ko ya bari. In ya rufe ba ta zo ba, an yi asarar kuɗi, talaka mai aikin yini ya fi kowa ji a jika, kuma gobe in an sake gargaɗi wasu za su ce ai irin na rannan ne. In ya bari ta zo, gawa za a ƙirga. Asarar biyun ba nauyinsu ɗaya ba, shi ya sa mai hankali kan ɗauki ta farko ko da zai sha zagi.

Wasu daga cikinmu kan ji ƙyamar kalmar hasashe, suna ganin kamar shiga gaibu ne. Mai hasashen yanayi awo yake yi da lissafi, kamar yadda manomi kan ga hadari ya haɗo daga gabas ya ce a kwashe shanya. Bai ce ya san gobe ba, ƙiyasi ya yi, hukunci kuwa na Allah ne. Addini ma bai hana yin tanadi ba. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya tsara ajiyar abinci na shekara bakwai saboda farin da ke tafe. An kuma ruwaito cewa a dare mai tsananin sanyi ko ruwa akan yi wa mutane sassauci su yi salla a gidajensu, malaman Malikiyya kuma sun halatta haɗa Magariba da Isha'i a masallaci saboda ruwan sama. Ɗan'uwanmu da ke Bronx ko Bufalo ba shi da laifi in ya yi sallarsa a ɗaki ranar da hukuma ta ce kada kowa ya fita.

In za ka kira shi kafin guguwa, ga abin da ya kamata ka tuna masa. Hukumar can tana da matakai biyu: na farko sanarwar a zuba ido, wadda kan fito kwana ɗaya zuwa uku kafin lokaci, na biyu gargaɗi, wanda ke nufin abin ya kusa ko ya riga ya fara. Taswirar da ake yawo da ita a WhatsApp mai nuna dusar kwana goma masu zuwa, yawanci bugu ɗaya ne cikin bugun tazarar nan masu yawa, kada ya ɗora komai a kanta. Ya tanadi abinci da magani da cajin waya. Kada ya kuskura ya kunna janareto ko kurfoti na gawayi a cikin ɗaki, domin hayaƙinsu marar wari yana kashe mutum yana barci. In ya maƙale a mota, ya tabbata dusa ba ta toshe salansa ba kafin ya bar inji a kunne. Na'urar ɗumama ɗaki kuma kada a bar ta tana aiki dare da rana kusa da katifa ko labule. Gobarar da ta tashi a wani dogon bene a Bronx ranar 9 ga Janairun 2022 daga irin wannan na'urar ta fara, ta ci rayuka 17, takwas daga ciki yara, akasarinsu Musulmi 'yan asalin Gambiya.

Mu ma a nan gida muna da namu rabon. Dusa ba ta sauka a Akra, amma wanda ya ga daren 3 ga Yunin 2015, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah suka hallaka fiye da mutum 150, ya san abin da ruwan 'yan awoyi kan iya yi. In hukumar hasashen yanayi ta ƙasa ta ce ana sa ran ruwa mai ƙarfi, sannan aka wayi gari unguwarku ba ta jiƙe ba, ka tambayi na Kaneshie ko na Alajo kafin ka ce ƙarya suka yi. Allah Ya tsare mu, Ya tsare 'yan'uwanmu da ke ƙasashen sanyi.